Mako Biyu da Baƙo a Bayan Ajina

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, ba a kuma tabbatar da ni a aiki ba, ranar da shugaban makarantarmu ya yafito ni da hannu muna tsakiyar waƙar safe. A wancan zamani ba a shiga aji sai yara sun yi layi a fili sun yi wa jam'iyya waƙa da tafi da rausaya, mu malamai muna gaba muna ba da baiti. Jam'iyyar ɗaya ce tak a ƙasar, kowa ɗanta ne ko yana so ko ba ya so. Muryata ba ta da daɗi ko kaɗan, amma na fi kowa wage baki, don malamar da ba a tabbatar ba ba ta isa ta yi waƙa ƙasa-ƙasa ba.

Direkta muke ce masa. Mutumin unguwar Amoutivé ne, mai ƙiba, mai son barkwanci, ba mugu ba ne. Amma shi ne kuma idon jam'iyya a makarantar, kullum da bajo a ƙirjinsa, saboda haka ko dariya za ka yi da shi sai ka auna ta. Na bi shi ofis na tarar da wani dogon mutum siriri mai tabarau yana zaune da jakar fata a kan cinya. Direkta ya ce wannan malami ne daga makarantar horon malamai, yana nazari a kan yadda ake koyarwa da yadda yara suke ɗauka. Daga Litinin zai zauna a bayan ajina mako biyu.

Na ce, da Faransancina na ladabi, "Ajina kaɗai, ranka ya daɗe?"

Baƙon ya ce, "Naki kaɗai, Madam."

"Ko zan iya sanin dalili?"

Ya yi murmushi ya ce zai gaya mini ranar ƙarshe. Wai in ya faɗa tun yanzu zan canza yadda nake koyarwa, shi kuwa so yake ya ga aji kamar yadda yake kullum. Na ce to, na gode. Na fito na koma layin waƙa a tsorace, don a ƙasarmu a lokacin, mutumin da ya zo da jaka ya ce sai daga baya zai faɗa maka dalilin zuwansa, kowa ya san daga inda irinsu suke fitowa.

Abu biyu nake ɓoyewa, kuma kowanne ya isa ya raba ni da aikin. Na farko takarda ce. An haifi Baba a wani ƙauye a ƙasar Katsina, ya zo nan Lome yana ƙarami a bayan fataken shanu, ya girma a Zongo, ya yi aure a Zongo, ya haife mu a Zongo. Ni ko a mafarki ban taɓa ganin Najeriya ba. Duk da haka takardar shaidar zama 'yar ƙasa ta ƙi fitowa, duk zuwan da na yi sai a ce in dawo. An ɗauke ni aiki da takardar haihuwa da alkawarin zan kawo ɗayar. Muddin ba wanda ya buɗe fayil ɗina ya karanta da kyau, ina da aiki.

Na biyun shi ne Hausa. Dokar makaranta Faransanci zalla. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gidansu, ƙoƙon katantanwa ake rataya masa a wuya ya yini da shi. Ana ta maganar za a bar wasu harsunan ƙasa su shiga aji, amma Hausa ba ta cikinsu, harshen baƙi ake ɗaukarta. To ni, malama guda, wadda takardarta ma ba ta cika ba, da Hausa nake koyar da rabawa a lissafi.

Ba da niyya na fara ba. Yarana sun kai saba'in, fiye da rabi 'yan Zongo, sauran ma sun tsinci Hausa a kasuwa da wurin wasa. Yaran Zongo da hadda aka yaye su, sun saba da allo tun kafin su san lekol, kamar yadda muke kiran makarantar boko. Ka ba su ƙa'idar rabawa da Faransanci, kafin ka juya sun rera maka ita ba tuntuɓe. Ka rubuta arba'in da bakwai a raba shida, sai su yi maka tsuru-tsuru. Wata rana haushi ya ishe ni, na jefar da alli na ce da Hausa, "An yi suna a gidanku, an ba ki goro arba'in da bakwai ki kai gida shida. Nawa-nawa za ki ba su?" Ban rufe baki ba wata 'yar siririya a benci na uku ta ce, "Bakwai-bakwai, Metires. Biyar ya rage, na Goggo ne." Metires suke ce wa malama. Ajin ya fashe da dariya, ni kuwa na tsaya sororo. Ba yaro ɗaya a Zongo da ba a taɓa aika rabon goron suna ko na ɗaurin aure ba, kuma wanda ya cuci wani gida ya san abin da zai tarar in ya koma.

Daga nan na tara marafan kwalba cike da ƙaramin buhu, su ne goro. Kowane benci gida ne. In lokacin lissafi ya yi sai a ja tagogi, mu yi rabonmu da Hausa ƙasa-ƙasa, wanda ya yi kuskure mutanen gidan da aka cuta su yi masa ca. Sai sun gane sarai sannan in buɗe tagogi in rubuta abin a allo da Faransanci, su rera da ƙarfi yadda Direkta zai ji daga ofis. Shekara guda da wani abu muna haka, don tare muka haura aji na gaba da su, kuma a zatona ba wanda ya sani.

Da na koma gida bayan la'asar na tarar da Baba a ƙofar gida yana tsince goro daga ganye, don a lokacin ya bar shanu ya koma goro. Kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "Uwata, me ya same ki?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na durƙusa na gaya masa. Bai daina tsintarsa ba.

"Rubutu zai riƙa yi?"

"Haka ya ce, Baba."

"Ya tambayi takarda?"

"Bai tambaya ba tukuna."

"To. Mutanen lekol ɗin nan suna da littafinsu. Ki ba shi abin da ke cikin littafinsu. Abin da ba ya ciki, ba ki san shi ba, ba ki taɓa jin labarinsa ba."

Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ita ce ta tuno mana da wani malami na can unguwar Adakpamé, wanda ya taɓa cewa a gaban abokan aikinsa waƙar safe tana cin lokacin karatu. Maganar ke nan, ba ƙari. Aka zo aka tafi da shi. Bayan watanni ya dawo, bai koma aji ba, kuma ko gaishe shi ka yi sai ya waiga kafin ya amsa. Na san labarin, kowa ya san shi, amma a ranar ji na yi kamar labarina Inna take bayarwa.

Washegari Juma'a na fita da buhun marafan a ƙarƙashin mayafi, na ratse ta bakin tafki na zazzage su a ruwa. Ina yi ina waige-waige, kai ka ce gawa nake jefarwa. Da na shiga aji na ja tagogi, na yi wa yaran Hausa karo na ƙarshe. Na ce daga Litinin baƙo zai zo. Ba Hausa, ba goro, ba gida-gida. In ya tambaye su yadda nake koya musu, su ce littafi muke bi. Sannan na ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "In ɗayanku ya faɗa, za a tafi da ni." Yara ne 'yan shekara takwas da tara. Ba wanda ya tambaye ni ina za a kai ni, duk sun sani.

Litinin ya zo kafin a gama waƙa. Ya ƙi kujerar da Direkta ya aiko masa, ya cusa dogayen ƙafafunsa a bencin yara na ƙarshe, gwiwoyinsa suna neman taɓa haɓarsa. Da a wani lokaci ne da na yi dariya. Ya kwance agogonsa ya ajiye a gabansa, ya fito da wata takarda mai gida-gida. In na yi tambaya ya yi ɗan zane. In yaro ya amsa ya yi wani. In na juya ga allo ya dubi agogo. Yara saba'in suna numfashi a ɗaki, amma ni ƙarar alƙalaminsa kawai nake ji.

Na koyar kamar yadda aka koya mana, ban ƙara ba ban rage ba. In rubuta kwanan wata a kusurwar allo, in ja layi da rula, in karanta ƙa'ida, su maimaita, in yi misali, su kwafa. A makonnin nan ne tsarin karatu ya kawo mu ga rabawa da lamba mai gida biyu, abin da ba mu taɓa yi da marafai ba. Na karanta musu daga littafi, suka rera mini da murya mai daɗi. Ina kallon idanunsu na san ba abin da ya shiga. Rana ta huɗu na hango 'yar siririyar nan ta benci na uku ta sa hannu ƙarƙashin tebur, leɓɓanta suna motsi, tana ajiye wa gidajen da ba a gani goronsu ɗaya bayan ɗaya. Na buga rula a teburinta da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ta zabura ta naɗe hannuwa. Alƙalamin baya ya yi ɗan zanensa, ni kuwa na yini ina tunanin a wane gida na takardarsa ya sa wannan.

Abinci ya daina wuce mini. Koko da ƙosan da Inna take ajiye mini da safe sai dai ƙannena su ci. Zanina na riƙa ƙara masa ɗauri. Duk motar da ta rage gudu a bakin titinmu sai in kasa kunne. Abin da ya fi tsorata ni shi ne kirkinsa. Kullum da an tashi sai ya ce, "Na gode, Madam," ya taya yara ɗaga benci in ana shara. Na ce a raina, wannan gwani aka turo mini.

A mako na biyu ya fara kiran yaran ɗaya-ɗaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro lokacin hutu. Ina tsaye a ƙofar aji ina yi kamar ina duba littattafai. Daga baya na ji duk amsa ɗaya suka ba shi, har kalmominta iri ɗaya: "Littafi muke bi, Mushe," wato yallaɓai da Faransancin yara. Haddar da ta hana su gane lissafi ta yi mini rana a nan.

Ranar Laraba da yamma, da ba a makaranta, ya hau ɗan babur ɗinsa ya shigo Zongo wai zai yi hira da iyaye. Kafin ya kashe babur labari ya gama unguwa. Telan bakin hanya ya ce shi ba shi da yaro a lekol, alhali biyu gare shi a ajina. Wata mai sayar da wake da shinkafa ta ce ita ba ta jin kowane yare sai na ƙauyensu. Mai shayi ya tura shi masallaci, na masallaci suka tura shi wurin mahauta, mahauta suka nuna masa hanyar kasuwar Assigamé da ladabi. Ba wanda ya haɗa baki da wani, haka muka tashi muka ga ana yi wa mai littafi da alƙalami. Baba ya ce mini, "Unguwa ta yi miki kara, Uwata." Na ji daɗi ƙwarai a lokacin, har na ci tuwo.

Ranar Alhamis ya ba yaran gwaji a kan abin da na koyar a gabansa. Juma'a aka kira ni ofis. Direkta yana bayan teburinsa, hoton shugaban ƙasa a saman kansa, baƙon kuma da takardu a baje. Na karanta duk addu'ar da na iya a tsakanin ƙofa da kujera.

Ya ce, "Madam, na yi alkawarin zan faɗa miki dalili." Ya ce a jarrabawar ƙarshen shekarar da ta wuce, yaran ajina sun fi na duk makarantun yankinmu iya rabawa, kuma ba da kaɗan ba. Abin ya ba su mamaki a makarantar horon malamai, don rabawa ita ce inda yara suke zubewa ko'ina. Shi ya sa ya nemi izinin zuwa ya ga me nake yi, don a koya wa masu shirin zama malamai.

Na ji maganar, amma ba ta zauna mini ba. Ina ta laluben inda tarkon yake.

Ya ci gaba. Ya ce mako biyu ya zauna, ya ga darasi mai tsabta, mai bin ƙa'ida, irin wanda yake gani a kowace makaranta. Gwajin jiya kuma yaran sun faɗi kamar yaran kowa. Amma tambayoyin da ya cusa na rabawar bara, sun cinye su. Ya cire tabarau ya murza ido. "Akwai abin da kike yi da ban gani ba. Ina roƙonki ki gaya mini."

Direkta ya kafe ni da ido. Ban san me ya sani ba, har yau ban sani ba. Bajon ƙirjinsa kawai nake kallo. Na ce, "Littafi nake bi, ranka ya daɗe."

Baƙon ya mayar da tabaransa, ya tattara takardunsa. Na ɗauka an gama. Ina tsallaka fili zan koma aji sai na ji takunsa a bayana, yana tura babur. Ya zo daidai kafaɗata, bai dube ni ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Da Hausa ya yi ta, Hausa mai kyau irin ta mutanen arewacin ƙasar.

"Malama, na ga yarinyar nan tana rabo a ƙarƙashin tebur. Ni ma da yaren uwata na fara gane lissafi. Ki faɗa mini yadda kike yi. Ba zan sa sunanki ba, ba zan sa sunan makaranta ba."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Ashe mako biyun nan duk raɗar da yara suka yi a kusa da shi yana ji. Ashe da ya shiga Zongo duk abin da aka faɗa a bayansa ya ji. Mutum ya iya Hausa haka ya ɓoye, me kuma yake ɓoyewa? Na ce a raina wannan shi ne tarkon, an bar shi sai ƙarshe. Na juya na dube shi, na ce masa da Faransanci, "Gafarta mini, Mushe, ban gane abin da kake cewa ba."

Ni da aka yi wa huɗubar suna a Zongo, na ce ban jin Hausa. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Bai yi fushi ba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce da Faransanci Allah ya ba da sa'a, ya tura babur ɗinsa har waje kafin ya tayar. Ban sake ganinsa ba.

Wata uku ina jiran a zo. Ban sake jan taga ba, ban sake tara marafai ba. Yaran ma ba su tambaya ba, na riga na koya musu yin shiru. Sai wata safiya Direkta ya kira ni yana washe baki, ya miƙo mini takarda. An tabbatar da ni a aiki. Rahoton baƙon ya shiga fayil ɗina, kuma abin da ya gani shi ya rubuta, bai ƙara ko kalma ba: malama mai tsari, mai kiyaye lokaci, mai bin tsarin karatu sau da ƙafa, ba ta barin wani yare ya shiga ajinta. Da irin wannan shaida ba wanda ya damu ya duba wace takarda ce babu. Baba ya yi sadaka, Inna ta yi waina aka raba wa maƙwabta, mata suka yi ta shigowa barka. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Na yi barci a karon farko ba tare da na saurari motoci ba.

Yanzu da na tsufa na yarda mutumin nan gaskiya ya faɗa, abin da ya ce ya kawo shi shi ya kawo shi. Amma ko yau aka mayar da ni filin nan, da takardata a yadda take da Direkta a bayan taga, ban da tabbacin zan amsa masa da Hausa. Wannan ne yake ci mini rai, fiye da ƙaryar kanta.

Rahoton bai tsaya a fayil ba. Da sabuwar shekara ta kama, makarantar horon malamai ta sa ajina cikin azuzuwan da ake tura ɗalibanta su ga darasin misali. Tun da sakamakon ya yi kyau, kuma an ga yadda nake koyarwa, sai aka haɗa biyun aka ce wannan ne ya haifi wancan. Daga nan bencin baya bai sake zama babu kowa ba. Bibbiyu, uku-uku suke zuwa, samari da 'yan mata da sababbin littattafai, su zauna su kwafe yadda nake jan layi da yadda nake sa yara maimaitawa. Sakamakon ajina ya sauko ya daidaita da na kowa, ba wanda ya lura, don ba a sake turo mai tambaya ba.

A shekara ta uku ko ta huɗu aka turo wata yarinya 'yar Zongo, na san gidansu, uwarta tana sayar da atamfa a Assigamé. Ta yi gwajin darasinta na farko a kan rabawa, ya watse mata a hannu, yara suna rerawa tana kallon idanunsu. Da aka tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta matso kusa da teburina, ta yi mini Hausa a hankali.

"Yaya, ba su gane ba. Na yi duk yadda kike yi, amma wallahi ba su gane ba. Babu wata dabara?"

Ba kowa a ajin sai ni da ita. Na dubi ƙofa, na dubi tagogi a buɗe, na amsa mata da Faransanci. Na ce ta ƙara sa su maimaitawa, ta bi littafi.